Kwana Bakwai Kafin a Walwale

Na yar da tiyo yana ta kwarara a gindin tumatir na bi tsohon nan da gudu, in dai abin da mace mai shekara sittin da takwas take yi za a kira shi gudu. Maƙwabcina Clarrie Noske ne tafe a tsakiyar titi da rigar barci da silifas, guduma a hannun dama, takarda a hagu, ƙusoshi biyu a baki. Kwana biyu ke nan da motar asibiti ta sauke shi gida, kuma duk layinmu mun san ba don ya warke aka sallamo shi ba.

"Clarrie, ina zuwa haka?"

"Zaure," ya ce ta gefen baki.

"Da wace ƙafar?"

"Da wadda suka bar mini. Matsa, Glenys, kin tare hanya."

Daga ƙofarsa zuwa zauren gari bai kai taku ɗari uku ba, amma sai da muka ci minti ashirin. Ya huta a jikin shingen coci, ya huta a bencin gidan waya, ya kuma huta a jikina yana mita wai kafaɗata duk ƙashi ce. Da muka isa ya ɗora takardar a ƙofa, ya ɗaga gudumar, hannun ya ƙi. Sau biyu yana gwadawa. Na karɓe ta na buga ƙusoshin, ɗaya ta lanƙwashe.

"Shekara tara kina sakatariya, ƙusa ɗaya ta gagare ki."

"Ka gode Allah ba a kanka na buga ta ba."

Sai a lokacin na karanta. Rubutunsa ne da na sani, sai dai ya fara karkarwa. Sanarwa ce ga 'yan Ƙungiyar Nunin Gona, cewa shi Clarence Noske zai gabatar da ƙuduri a taro na musamman, ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, a gidansa, a walwale hukuncin da ke shafi na ɗari da sha biyu a littafin taro na 1981.

Ya duba agogonsa. "Tara da kwata. Rubuta a ƙasa ki sa hannu. Daga yau aka fara ƙirga."

Ban buƙaci buɗe littafi ba. Duk wanda ya haura sittin a garin nan ya san shafin, ko da bai san lambarsa ba. Shekara uku a jere Noelene Zadow tana lashe kofin kek a bikin nunin Oktoba. A ta huɗu, ana saura kwana biyu biki, aka gan ta tana fitowa ta ƙofar bayan gidan burodin Kotz da gwangwanin kek naɗe a tawul. Dokar gasa kuwa a fili take, abin da hannunki bai yi ba ba ya hawa teburi. Kwamiti ya zauna, mutum tara, Clarrie ya gabatar, aka ɗaga hannu, aka hana ta shiga gasa iyakar ranta. Ba a ko kira ta ba, wasiƙa aka jefa mata.

Wanda bai zauna a gari mai mutum ɗari uku ba zai ce ai kek ne kawai. Ni na ga abin da ya biyo baya. Na ga mata suna ɗauke farantinta daga tsakiyar teburin shayin coci suna mayar da shi can ƙarshe. Na ji ana kiran 'ya'yanta 'yan kek ɗin kanti. Ni kaina, ina amarya a lokacin, da aka yi dariya na taya, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Shekara arba'in da biyu Noelene ba ta taka filin nuni ba. Ranar biki takan tashi mota tun safe ta tafi birnin Port Lincoln, wai sayayya.

Da na mayar da shi gado na ba shi ruwa, na tambaye shi me ya tono wannan tsohon zance.

"Ita ta yi kek ɗinta," ya ce yana kallon rufi. "Murhunta ne ya tsage. Ta kwaɓa abinta a gida, ta kai wa Kotz ya sa mata a tanderu bayan ya kwashe burodi."

"Wa ya gaya maka?"

"Kotz."

"Kotz da ya shekara talatin a ƙasa?"

"Ana gobe taron ya tare ni a gidan mai ya gaya mini."

Na nemi bakin gadon na zauna. "Ka sani, kuma ka je ka ɗaga hannu?"

"Na riga na rubuta ƙudurin. Na riga na faɗa a mashaya kowa ya ji. Kuma Merle ce ta zo ta biyu a gasar." Merle matarsa ce, marigayiya. "Kada ki ɗora mata, ba ta san komai ba. Ni ne. Na ga in na janye za a ce sakatare bai san aikinsa ba."

"Kotz bai faɗa wa wasu ba?"

"Ya faɗa. Wa zai saurari mai burodi, littafi ya riga ya yi magana?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye masa ba. Shekara shida ina tsallaka shinge da kwanon miya duk Lahadi tun rasuwar Merle, ina cewa ba a yi mai gaskiya irin Clarrie ba. Na gaya masa ya ci a bar shi ya mutu da abinsa a ciki. Ya ce haka ne, ya ce in rufe masa taga.

Da yamma Brenton Kloeden, shugaban ƙungiyarmu, ya zo kai tsaye daga gona, ƙaiƙayi har cikin gira. Ya bar takalma a waje ya tsaya bakin ɗaki da safa.

"Mista Noske, ai wannan ba abin wahala ba ne. Yanzu sai in tura wa kowa saƙo a waya mu soke shi. Glenys ta cire shafin, shi ke nan."

Clarrie ya buɗe ido ɗaya. "Ta cire me?"

"To, ta ja masa layi."

"Zauna, yaro. Ubanka ma sai da na koya masa wannan." Brenton, mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, ya zauna a kan kwandon wanki. "Sokewa ta abin da bai faru ba ce. An sa wasan kurket, ruwa ya sauko, an soke, kowa ya koma gida, ba wanda aka cuta. Wannan ya faru. Ya cinye wa mace shekara arba'in da biyu. Irin wannan walwale shi ake yi. A koma gaban taron da ya ƙulla, a kira shafi da rana, wanda ya ƙulla ya ce da bakinsa ba daidai ba ne, a ɗaga hannu. Shafin kuma yana nan, ba a taɓa shi. A gefe ake rubutawa da jan alƙalami, don wanda ya buɗe ya ga abin da muka yi, ya ga kuma mun dawo."

Kalmar nan ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai shi. A tsofaffin littattafanmu takan leƙo sau ɗaya a shekara goma, ni kuwa tun da na gaje shi ban taɓa rubuta ta ba. 'Yan yanzu komai sokewa ne, daga ganin likitan haƙori har zuwa aure. Amma tana nan a doka ta ashirin da uku, wadda shi Clarrie ya rubuta da hannunsa. Sanarwa ta yi kwana bakwai a ƙofar zaure. Mutum bakwai su zauna a ɗaki ɗaya, ba ta waya ba. Kuma ba mai gabatar da walwalewa sai wanda ya ɗaga hannu aka yi hukuncin farko. An sa wannan ne don kada waɗanda aka kayar su riƙa dawo da zance duk wata. To cikin mutum taran nan, takwas suna makabarta. In Clarrie bai kai Alhamis ba, babu sauran bakin da zai iya.

Brenton ya biyo ni kicin ya rage murya. "Nas ta ce kwana nawa?"

"Ta ce kada mu yi shirin da ya wuce Lahadi."

"Kuma ana cewa ruwa zai sauko ƙarshen mako mai zuwa. Glenys, alkamata eka dubu biyu tana tsaye. Kowa haka. Wa zai kashe injin girbi ƙarfe huɗu na yamma a Disamba?"

Makon nan ban zauna ba. A takarda muna da mutum talatin da ɗaya, amma rabi sun koma birnin Adelaide wajen 'ya'yansu ko suna gidan tsofaffi ba su san ranar da ake ciki ba. Ran Asabar tabbatattu huɗu nake da su: ni, Clarrie kansa, sai tagwayen Heinrich, 'yan mata masu shekara saba'in da tara da ba su taɓa rasa taro ba saboda shayi. Sauran duk amsarsu ɗaya, wai in sun samu dama. Na bi su har layin motocin da ke jiran sauke alkama a rumbu, ina ƙwanƙwasa gilashi ɗaya bayan ɗaya cikin rana.

Lyall Mickan ya leƙo daga babbar motarsa. "Kek? Glenys, kin hau mini mota saboda kek?"

"Ubanka yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu, Lyall."

"To ki je ki taso shi. Yana makabarta, layi na uku, kusa da famfo."

"Minti ashirin nake roƙo."

"In inji ya lalace zan zo," ya ce ya ɗaga gilashi. Na sauko ina addu'ar ya lalace.

Kullum safe in na shiga, kafin gaisuwa Clarrie zai ce, "Yau nawa?" In faɗa masa. "Takardar tana nan?" Sau biyu a rana yake aika ni in duba, don in iska ta ɗauke ta sai a sake ƙirga daga farko. Ran Litinin na tarar gefe ɗaya ya yage yana kaɗawa, na koma gida na ɗauko ƙusoshi shida na zagaye ta. Lahadin da nas ta faɗa ta zo ta wuce yana nan. Abinci ya daina, sai ruwa a cokali. Allurar da ke kashe masa zafi ya ce a ba shi rabi, don cikakkiyar tana sa shi barcin da bai yarda da shi ba. Ina jin nishinsa daga wajen shanyata, in tsaya da riga a hannu in kasa ratayewa.

'Yarsa Robyn ta iso daga Adelaide, ta tare ni a baranda ido jawur.

"Anti Glenys, Baba yana mutuwa kina kawo masa aikin kwamiti?"

"Shi ya kawo mini, 'yar nan."

"Yana ƙin magani saboda wani kek na kafin in shiga makaranta. Ki ce masa an yi, an gama. Ki kawo masa littafin da jan rubutu ya gani ya huta."

"Ki ce masa ke. Ni na san zai tambayi su wa suka zauna, wa ya mara baya, ƙarfe nawa aka tashi."

Ta yi tsaki ta shige. Ban ji haushinta ba, don ni ma tunanin ya zo mini fiye da sau ɗaya.

Sai ran Talata na samu ƙarfin zuwa wajen Noelene. Gidanta yana bayan rumbuna, inda kwalta ta ƙare. Na same ta a bayan gida tana tsinkar wake a kwano, shekara tamanin da huɗu amma bayanta a miƙe.

"Na gani," ta ce kafin in buɗe baki. "Ina da ido, kuma gidan waya kusa da zaure yake."

"Zai so ki zo."

"Shi ya ce?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. "Cewa ya yi tunda ba kya cikin ƙungiya ba shi da ikon gayyatarki. Amma taro a buɗe yake ga kowa."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Clarrie ke nan. Ko a bakin kabari sai ya duba doka."

"Ya san ke kika yi kek ɗin, Noelene. Tun lokacin ya sani."

"Na san ya sani. Kotz ya zo nan ya gaya mini, har da hawaye. Shekara arba'in da biyu muna haɗuwa da Clarrie a layin gidan waya, ya ɗaga mini hula in ce masa ina kwana." Ta jefa wake a kwano. "Kin san ban ƙara yin kek ba? Na kanti 'ya'yana suka yanka ranar aurensu. Tunda an ce na kanti ne."

Na ce mata ni ma na yi dariya a wancan lokacin, ta yafe mini.

"Na ji ki ranar nan. Koriyar riga ce a jikinki."

"Za ki zo?"

"Ki ja mini ƙofar shinge in kin fita, kare yana tsallakawa titi."

Na ja ƙofar na tafi ban san amsar ba. Da Clarrie ya tambaya na ce ta ga sanarwar, ya gyaɗa kai bai ƙara tambaya ba.

Ranar Alhamis iskar arewa ta taso tun rana ba ta yi sama ba, zazzafa, busasshiya, tana wasa da kwanon rufin garejina. In ta yi haka ba mai tayar da inji a gona, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gunduma. Goma da 'yan mintoci Brenton ya bugo.

"An tsayar da girbi, Glenys. Kowa yana gida yana kallon sama. Kin samu bakwai ɗinki har da ƙari."

Na tsallaka shinge ko waya ban ajiye daidai ba. A ƙofa na ci karo da nas tana fitowa da jakarta. Ta riƙe hannuna ta ce awoyi ne yanzu, ba kwanaki ba, kuma ba za ta yi mini alkawarin yamma ba.

Fuskarsa ta zama toka-toka, hancin ya yi tsini. Na durƙusa kusa da kunnensa.

"Clarrie, kwana bakwai sun cika tun tara da kwata. Ba girbi yau, mutane suna gida. Cikin rabin awa zan tara maka su. Mu yi yanzu."

Ya daɗe kafin ya haɗa numfashi. "Takarda me ta ce?"

"Huɗu ta ce. Amma kai ka rubuta ta."

"Wani ya karanta huɗu. Ya zo huɗu ya tarar an tashi. Gobe ya ce ba a yi daidai ba."

"Wa zai ce? Faɗa mini sunansa in je in shaƙe shi."

"Na farkon a karkace aka yi mata," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Wannan ba wanda zai sa masa yatsa."

"In ba ka kai ba fa, tsoho mai taurin kai?"

"Zan kai."

Na roƙe shi, na zage shi, na sake roƙo. Ya rufe ido ya bar ni da bakina. Na shiga kicin na yi kukana a kan tukunyar shayi, ina jin tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da mijina yake kwance. Da na fito na tarar Robyn, wadda ta yi kwana uku ba ta gaishe ni ba, tana yi masa aski a hankali. Ya ce a ɗaura masa nektayi, ta ɗaura masa a kan rigar barci. Leɓensa yana ta motsi ba murya, ta ce tun jiya yake bitar abin da zai faɗa.

Daga nan sai kallon agogo. Sha biyu ta yi. Ɗaya ta yi. Na goge kofuna da suke a goge, na je zaure na duba takardar da ba ta da sauran amfanin dubawa, na dawo na jera kujeru a ɗakinsa na sake jerawa. Ƙarfe biyu da rabi ya tambayi lokaci, Robyn ta faɗa masa, ya ce to. Na ga kujerun ba za su isa ba, na tafi gidana in ɗauko biyu. Ina dawowa da su, ɗaya a kowane hannu, na ga Robyn tsaye a tsakiyar falo hannuwanta a sake. Ta ce ya cika, uku saura minti goma. Na ajiye kujerun a inda nake, na zauna a ɗaya.

Daga uku da rabi suka fara isowa. A-kori-kura ta jeru har ƙofar coci. Tagwayen Heinrich suka zo da faranti a lulluɓe, Lyall ya zo ya ma sa wankakkiyar riga. Kowa ya shigo sai ya ji labari a bakin ƙofa, ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta. Mutum goma sha tara na ƙirga a falon nan, rabon da mu taru haka tun kafin in zama sakatariya.

Huɗu daidai Brenton ya yi gyaran murya. Idonsa ya yi ja.

"Glenys, rubuta ya gabatar. Ai da ya yi. Ki ce ƙarfe biyu aka zauna. Duk wanda ke ɗakin nan zai sa hannu."

"Zan sa," in ji Lyall. Aka yi ta gyaɗa kai. Robyn ma ta ce in rubuta, don Allah.

Littafin yana kan cinyata a buɗe a shafi na ɗari da sha biyu. Na cire murfin jan alƙalami. Ba zan ɓoye ba, so nake in rubuta, kuma da na rubuta.

"Kada ki rubuta abin da bai faru ba, Glenys."

Noelene ce a bakin ƙofa, da hularta ta zuwa coci da jaka a hannu. Aka buɗa mata hanya ba tare da kowa ya ce a buɗa ba.

"An taɓa yi mini haka a littafin nan," ta ce. "Sau ɗaya ya isa."

Brenton ya murza hularsa. "Misis Zadow, to a taron shekara, a Maris, sai mu canza dokar. Ni da kaina zan gabatar."

"Ku canza abinku, ɗan nan. Ba daga bakinka nake jira ba, lokacin ba a ma haife ka ba." Ta juya wajen Robyn. "Ya bar abin da zai faɗa?"

Robyn ta shiga ɗaki ta fito da 'yar takarda da ta ciro daga aljihun rigarsa. Ta miƙo mini, don karatu aikin sakatariya ne. Na miƙe tsaye na karanta.

"Noelene Zadow ce ta yi kek ɗinta da hannunta. Na san haka kafin in ɗaga hannu, na yi shiru don girman kai. Ina roƙon taro ya walwale."

Ba wanda ya yi motsi. Ɗaya daga cikin tagwayen ta fara sharɓe hanci, Lyall ya zuba wa takalmansa ido. Na mayar da murfin jan alƙalami na ɗauki baƙi, na buɗe sabon shafi. Na rubuta an buɗe taro ƙarfe huɗu da mutum goma sha tara, mai gabatarwa ya rasu uku saura minti goma, ƙuduri ya faɗi don babu mai gabatar da shi, an karanta takardarsa an liƙa ta a nan. Na karanta musu, Brenton ya sa hannu. Huɗu da minti tara aka tashi.

Ana zuba shayi Noelene ta tare ni a lungun da ke zuwa ɗakinsa. Ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Tun ƙarfe ɗaya nake cikin mota a inuwar coci," ta ce a hankali. "Sau biyu ina buɗe ƙofa. Sai na ce a'a, takarda huɗu ta ce. Bari shi ma ya ɗan jira." Ta dube ni. "Har yaushe yake magana?"

Na so in ce tun safe bai san kowa ba. Amma yanzun nan ta gama hana ni.

"Har biyu da rabi."

Ta gyaɗa kai sau biyu. Haɓarta ta yi rawa, ta danne ta da bayan hannu. Tausayinta ya kama ni har na rasa wanda na fi jin haushi a cikinsu, ita ko shi. Ta tambaya ko za ta iya shiga, na ce ba ni ke da gidan ba, Robyn daga bayana ta ce ta shiga.

Wajen biyar iska ta juyo daga teku, labule ya fara kaɗawa da sanyi. Maza suka dubi juna, suka ajiye kofuna, suka yi wa Robyn ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya suka fita, don an samu sauran rana da za a yi girbi. Ina tattara faranti na wuce ta ƙofar ɗakin. Noelene tana zaune a kujerar da ta fi kusa da gadon, jakarta a cinya, sauran kujerun duk ba kowa. Ta cire hularta tana kore masa ƙuda daga fuska a hankali, a waje kuma motoci suna tashi suna komawa gona.